Damuwa Ba Shiri Ba Ce

'Yan uwana ɗaliban UNIMAID, mu faɗa wa juna gaskiya: da yawanmu tun kafin a shiga jarrabawa tunaninta ya gama da mu. "In na samu keri-oba fa? In kuɗin rajista bai haɗu ba fa?" Littafi a buɗe har asuba, amma ko layi ɗaya bai shiga ba.

Akwai wata hanyar jinya da Farfesa Adrian Wells na Jami'ar Manchesta a Ingila ya ɓullo da ita, ya yi littafi a kanta a 2009. Mu kira ta jinyar tunani a kan tunani. A ganinsa, mugun tunani kowa yana zuwar masa, amma yarda da abu biyu ke mayar da shi ciwo: cewa damuwa tana shirya ka, da cewa ba za ka iya daina ta ba.

Ga ɗaya daga dabarunsa: in tunanin ya zo, kar ka yi kokawa da shi, kar ka biye masa. Ka ɗage shi zuwa wasu 'yan mintoci da ka ware da yamma. Ranar da ka iya ɗagewa, ka gane ashe linzamin yana hannunka.

A 2018 masu bincike biyu, Normann da Morina, sun tattara nazari 25, suka ga hanyar tana rage fargaba da ciwon damuwa sosai.

Wani zai ce, ai mu tsoronmu na gaske ne. Wallahi haka ne. Mun ga rikicin Boko Haram, mun ga ambaliyar Alau ta Satumban 2024. Amma kwana kana juya abu bai taɓa biyan kuɗin makaranta ba. Abin da ke da mafita a tashi a nema, sauran kuwa a bar shi ya wuce.

Yawancin binciken nan a Turai aka yi. Ɗalibanmu na likitanci, ga maudu'i: ku gwada shi a nan, da Hausa da Kanuri.

Wanda kuma abin ya hana shi barci da cin abinci na makonni, don Allah ya ga likita. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a hanyar Baga, ga UMTH. Zuwa can ba hauka ba ne. In abokinka ne, raka shi.