Wasan Gini da Canka: Ina Matsayin Karin Harshen Yaron Gangara?

A shekarar 2009 kamfanin LEGO na ƙasar Denmak ya fitar da wani wasa mai suna Creationary. Tsarinsa mai sauƙi ne: ɗan wasa ya zari kati, ya dubi hoton da ke jiki, ya gina abin da ƙananan tubalan roba ba tare da ya buɗe baki ba, sauran kuma su canki sunansa. Ana yin sa a bukukuwan yara da zaman hirar iyali. A ganina wasan harshe ne tsantsa, domin ba a cin nasara sai kalma ta fito. Saboda haka ya shafe mu, mu ɗaliban kimiyyar harshe.

Yaron Gangara ta jihar Maraɗi ba baƙo ba ne ga ɓangarorin wasan guda biyu. Gini dai ya gaje shi: da damina yakan kwaɓa laka ya siffanta sa da raƙumi, bayan girbi kuma ya fere karan dawa ya haɗa mota. Canka ma ya san ta a kacici-kacici, inda wanda ya kasa amsa yake ba da gari kafin a warware masa. Abin da wasan Turawa ya yi kawai shi ne haɗa biyun a faifai ɗaya. Ke nan ba tubalin roba muke buƙata ba, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin manomi. Tsarin za mu ara, kayan aiki suna bayan gida.

Sai dai da zarar an ce za a rubuta katunan da Hausa, tambaya za ta taso: wace Hausa? A ce yaro ya gina ɗakin karatu, katin ya ce "makaranta", abokinsa ya ce "lakwal", kalmar da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci. A ce an gina abin noma, katin ya ce "fartanya", yaro ya ce "hauya" ko "kalme". Haka wanda ya furta "hwarin doki" maimakon "farin doki", kamar yadda ake yi a karuruwan yamma. Idan alƙalin wasa ya ce sun faɗi, to ya koya musu tun suna ƙanana cewa harshen da suka sha a nono kuskure ne. Wannan illa ta fi ta rasa maki nesa ba kusa ba.

Ra'ayina shi ne duk kalmar da al'umma ta amince da ita amsa ce karɓaɓɓiya. Tun a 1916 littafin darussan Ferdinand de Saussure ya bayyana cewa babu wata alaƙa ta dole tsakanin furuci da abin da yake nufi, yarjejeniyar masu harshe ce ke ɗaure su. Ginin laka yana kama da sa, amma kalmar "sa" ba ta kama da shi. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka ɗora bisa Kananci, tana da muhallinta a rubutu da jarrabawa. A bayan kati ana iya jera ta tare da takwarorinta, yaro ya san ta a matsayin ƙari a kan abin da yake da shi.

Akwai kuma riba ga mai bincike. Idan ka tambayi mutum fassarar kalmar Faransanci, sau da yawa yakan ba ka kalmar da yake zaton kana so. Idan kuwa ka ajiye gini a gaban yara goma suna rige-rigen canka, kalmar bakinsu ce za ta fito ba shiri. Ɗalibin da ya zagaya ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji da katuna iri ɗaya zai dawo da bayanin da za a iya kwatanta shi da abin da Bargery ya taskace a ƙamusunsa na 1934, a ga abin da ya rayu da abin da ya ɓace. Shin yaran yau suna kiran akushi da sunansa? Suna iya lissafa sassan rumbu?

Mai ja da ni zai ce wasan yana da iyaka, kuma gaskiyarsa. Ba a gina kunya da laka, ba a fere haƙuri da kara. Abin da ido ke gani kaɗai yake kamawa, alhali kacici-kacici yana horar da yaro kan siffantawa da zurfin ma'ana. Don haka kada ya maye gurbin hirar dandali, ya dai zama abokin tafiyarta.

A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi zai jawo buƙatar littattafai da kayan koyarwa, kuma masu tsara su za su fuskanci tambayar da muka yi a sama. Gara mu riga su tanadar amsa. Ina kira ga ƴan uwana ɗalibai da kowa ya koma gida a hutu mai zuwa da katuna hamsin, ya tara ƙannensa, ya rubuta duk abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, sannan mu haɗa sakamakon a gaban malamanmu.