Motar ɗaukar kekuna: Yawan lambar mita ba shi ne abin tsoro ba

Mako uku na yi ina raka ƙanina wuraren sayar da motoci a cikin Kano. Sana'arsa sayar da kekunan gwanjo, yana kai su Wudil ran Juma'a, Dambatta ran Lahadi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kasuwarsa ta buɗe, domin malaman firamare da ƙananan ma'aikata da yawa sun jingine babur sun koma keke. Sai dai ribar a tasha take ƙarewa. Direban haya zai caji kowane keke kuɗi mai tsoka, ya danne su da buhunan kaya, a isa kasuwa wannan wili ya lanƙwashe, wancan fenti ya karce.

Da ya yanke shawarar sayen motar kansa, kuɗin hannunsa ba su kai na Beljiyam sabuwar shigowa ba. Bayan faɗuwar darajar naira, ko tunaninta bai yi ba. Sai tsohuwa ta hannu. Kuma duk dillalin da muka je wurinsa, abu ɗaya yake fara yi: ya murɗa makulli, ya nuna mana mita, ya ce, "Alhaji duba, ko dubu ɗari ba ta cika ba."

A ganina, a irin wannan cinikin, lambar nan ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya damu da shi. Motar da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1990, a ce har yau kilomita 90,000 kacal ta yi? Wato ƙasa da kilomita 4,000 a shekara. A ɗaki aka ajiye ta? Mayar da mita baya ba wani aiki ba ne, na da mai juyawa da na yanzu mai kwamfuta duk ana taɓa su. Idan kana son sanin tafiyar da mota ta sha, dubi robar da ke kan birki da kuloci, dubi yadda sitiyari ya yi sulɓi, da yadda kujerar direba ta lotsa. Waɗannan ba su iya ƙarya ba. Kuma in motar daga Amurka ta fito, da mil take lissafi: mil 150,000 kusan kilomita 240,000 ke nan.

Ni na fi natsuwa da motar da mitarta ta nuna 300,000 ƙuru-ƙuru. Aƙalla na san mai ita bai fara cinikin da yaudara ba, kuma lambar za ta ba ni bakin neman ragi.

Abin da ya fi mita muhimmanci shi ne aikin da za a saya motar dominsa. A mako na biyu muka daina zuwa hannu rabbana, muka riƙa tafiya da tef na awo da keke ɗaya. Dillalai suka yi ta dariya. Keken babba yana kai kusan mita 1.8 a tsawo, kuma kansa da fedarsa suna cin wuri fiye da yadda ido yake nunawa. Nan take duk motocin da but ɗinsu a rufe yake daban, irin su Camry da Accord da ƙanina yake ta waiwaya, suka fita daga lissafi.

Golf 3 wagon ta ɗauki hankalinmu. Ba ta shan mai, babu bakaniken da bai san ta ba, kayanta kuma ga su nan birjik a Ƙofar Ruwa. In ka kwantar da kujerun baya ka cire wa kekuna ƙafar gaba, uku ko huɗu za su shiga a kwance, da kwali a tsakaninsu. Ga wanda yake son ɗaukar kekensa da na yara ya fita motsa jiki ranar hutu, ta wadatar. Ga ɗan kasuwa ta yi kaɗan.

Sienna tana da fili, tana da daɗin zama, amma tsohuwar injin silinda shida ne da ita da giyar otomatik. A farashin man yanzu, zuwa Dambatta da dawowa zai iya lashe ribar keke guda. Giyar otomatik kuwa in ta tsufa ta fara fisga, kuɗin gyaranta yakan kusa kai rabin kuɗin motar.

Sharan, wadda muke kira Sharon, da ƙawarta Galaxy, su ne suka fi dacewa. Kujerun bayansu ɗaya-ɗaya ake cire su gaba ɗaya, a bar fili kamar ɗaki, rufin kuma yana da tsawon da keke zai tsaya a tsaye. (Na so a ce mun samu 504 wagon mai lafiya, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda muka taso muna ganin ta da kaya har sama. Waɗanda muka gani duk sun gama yayi, walda ce kawai ta riƙe su.)

Wasu za su ce a sayi kowace mota a sa mai walda ya ɗora mata kariya a sama. Ban goyi baya ba. Kekuna a kan rufi suna tare iska, mota ta ƙara shan mai, ƙura da ruwan sama su ɓata hajar tun kafin a kai ta kasuwa. In aka huda rufin tsohuwar mota kuma, da damina za a ji a jika. Ga jami'an kiyaye haɗura da na VIO, waɗanda kaya a sama ko a but buɗe ya rufe lamba shi ne abin da suka fi saurin hangowa.

Akwai wata gaskiya da masu tsoron mita suke da ita, kuma ba zan ɓoye ta ba. Golf da Sharon su ne jakunan haya a Arewa. Kilomita 300,000 a hannun ma'aikacin da yake juyen baƙin mai a kan kari daban, kilomita 300,000 a hannun direbobin tasha biyar, da fasinja goma da buhunan masara, daban. Amma mita ba za ta gaya maka wacce ce a gabanka ba. Ƙarƙashin motar ne zai gaya maka.

Saboda haka ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kira ba. Ku je da sassafe, kafin a ɗumama injin, don injin da ya gaji a tashin farko yake tona kansa. Shuɗin hayaƙi daga salansa yana nufin tana ƙona baƙin mai. In kun buɗe murfin baƙin mai kuka ga fari-fari kamar madara, ruwa yana haɗuwa da mai, ku yi sallama. A hau da ita rami a duba tsatsa, musamman motocin da suka yi zama a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, a duba walda a kafaɗun shokozoba. Sannan a tuƙa ta rabin awa cikin cunkoso ana kallon allurar zafi.

Takardu ma haka. Lambar jikin mota ta zo daidai da ta takarda, harafi da harafi. Takardar kwastan ta zama ta gaske, don tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma da yawa ta daji suka biyo. A rubuta yarjejeniya da shaidu.

Inda na fi matsa wa ƙanina shi ne kada ya juye duk kuɗinsa a ciniki. Mun yi rigima a kan wannan, don akwai wata mai sheƙi da ta shiga ransa, wadda da ya saye ta ko na mai ba zai rage ba. Na ce ya ware kashi ɗaya cikin huɗu. Tsohuwar mota ranar da ka saye ta ranar take fara karɓar nata: bel ɗin tayimin, wanda in ya tsinke a hanya zai iya lalata injin, da baƙin mai, da birki, da taya ko da biyu.

A ƙarshe Sharon ya saya, mai giyar hannu, a wurin wani dattijo da ya yi ritaya. Mitarta 312,000. Na'urar sanyaya ciki ta daɗe da mutuwa, gilashin baya na hagu ba ya sauka, fentin rufi ya ƙone. Abokansa suna kiran ta akwala. A tafiyarta ta biyu tiyon lagireto ya fashe kafin Gezawa, wanda bakaniken namu bai lura da shi ba, ya kwana biyu yana min mita a waya. Daga kuɗin da ya ware aka canza tiyon. Juma'ar da ta wuce kekuna bakwai ta kai Wudil a tsaye, ya dawo da biyu.