Haƙƙin Taurarin Fadamar Haɗejiya A Kan Masu Kyamara

Duk wanda ya san samarin Haɗejiya na wannan zamani ya san cewa sana'ar ɗaukar hoto ta zauna a hannunsu, har ya zama ba a ɗaurin aure, ba a hawan salla, ba a saukar karatu, face ka ga yaro rataye da kyamara yana kai da komowa. Amma da zarar an sallame isha'i sai a mayar da na'urar cikin jakarta, alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne Allah Maɗaukakin Sarki yake bayyana wa mutanen fadamar nan abin da mazauna manyan birane suka daɗe da rasawa. Wani bincike da masana suka fitar a shekarar 2016 ya nuna cewa kimanin sulusin 'yan Adam ba sa iya ganin farin zanen nan da ya ratsa sama, wanda malamai ke kira Majarra, domin hasken fitilu ya rinjaye shi. Mu kuwa, wanda ya fita bayan gari ya nufi Guri ko Kirikasamma ko Baturiya a daren da babu farin wata, zai same shi shimfiɗe bisa kansa ba da ko anini ba.

Aikin ɗaukar hoton taurari kansa ba ya gagarar mai haƙuri. Ana kafa kyamara bisa ƙafafunta uku, ko a jingine ta da buhun yashi, a buɗe idonta iyakar buɗuwarsa, a ɗaga ma'aunin ISO zuwa 1600 ko 3200, a daidaita ganinta da hannu a kan tauraro mafi haske har ya tsuke ya zama ɗigo, sannan a bar ta ta sha haske na daƙiƙa 15 zuwa 20 ba tare da an taɓa ta ba. Dalilin wannan iyaka kuwa shi ne, ƙasa tana juyawa daraja 15 a kowace sa'a, saboda haka in aka daɗe taurari za su ja layi. Wanda kuma yake son layin da gangan, sai ya fuskanci arewa, inda tauraron ƙuɗubi yake tsaye kamar daraja 12 bisa sararin Haɗejiya, ya ga yadda sauran suke kewaye shi. Mafi kyawun lokaci shi ne ƙarshen watan Musulunci da farkonsa, musamman a Oktoba da Nuwamba, bayan hadari ya janye, kafin hunturu ya kwaso ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi. A lokacin ruwa yana kwance a fadama, manyan taurari suna bayyana a cikinsa, sai dai mutum ya yi shirin sauro, ya riƙa share raɓar da ke sauka a gilashin.

To, amma ba don ado kaɗai nake wannan kira ba. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi na wannan yanki sun gaji lissafin da malamai suka tsara bisa manzilolin wata 28, kowane tauraro kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, kuma har yanzu akwai dattijon da zai jero maka taurarin damina bakwai, daga Haƙ'a da Han'a da Zira'a, zuwa Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan, ya gaya maka wanda ake shuka a cikinsa da wanda ruwansa ke cika rafi. Jikansa kuwa, wanda ya san kowane maɓalli na kyamara, da wuya ya nuna maka Kaza da 'ya'yanta in ta ɓullo daga gabas bayan magariba a Nuwamba, balle ya san cewa Zara ta yamma da Gamzaki na asuba abu guda ne. Ilimi yana wurin wanda idonsa ya raunana, na'ura tana wurin wanda bai san sunan abin da yake kallo ba, kuma hoton da aka ɗauka, aka rubuta masa suna da kwanan wata da bayanin dattijo, shi ne zai haɗa su kafin ƙasa ta rufe masu sani.

Na san akwai mai cewa sha'anin taurari ƙofar duba ce, kuma tsoronsa yana da asali. Sai dai malamanmu tun da can sun rarrabe tsakanin ilimin tafiyar taurari, wanda da shi ake gane alƙibla da lokaci da shigar yanayi, da kuma da'awar cewa suna da tasiri a kan arzikin bawa ko ajalinsa, suka halatta na farko, suka haramta na biyu, kyamara kuwa ba ta ɗauko gaibu. Akwai kuma mai cewa mutanen da ambaliyar 2022 ta cinye wa gonaki, waɗanda ba su ƙoshi da lantarki ba, ba su da sararin kallon sama. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mai hankalin da zai roƙa wa ƙauye duhu. Abin da nake roƙo ƙarami ne, wato fitilun nan masu aiki da hasken rana da ake ta kafawa a tituna, a riƙa zaɓen masu rufi a kai, waɗanda ke zuba haskensu ƙasa inda ake bukatarsa, ba waɗanda ke watsa shi sama a banza ba.

Saboda haka ina ganin ya dace Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, su haɗa kai da majalisar masarauta, a tura ɗalibai ƙauyukan fadama da sanin dagatai da masu unguwanni, kowane mai kyamara a haɗa shi da dattijo guda, su bi taurarin shekara ɗaya bayan ɗaya har su zagayo. Kyamarorin suna nan, duhun yana nan. Dattawan ne ba za su jira mu ba.