Ƙwallon Kwando a Mali: An Ba Kura Kiwon Awaki

A watan Agusta na 2021, ƴan matan Mali ƴan ƙasa da shekara 19 suka zo na 4 a gasar ƙwallon kwando ta duniya da aka yi a Hangari. Manya suka yi ta tafi, kowa yana cewa aikinsa ne. Sai dai akwai yarinya guda da ba ta je ba. An cire sunanta daga tawaga bayan ta kai ƙarar mai horaswa. Laifinta ke nan.

A watan Yuni na wannan shekara ne ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch da jaridar New York Times suka tone asiri. Ƴan wasa da iyayensu sun zargi Amadou Bamba, mai horas da ƴan matan tun 2016, da neman su da lalata. Wadda ta yarda, a yi mata alkawarin kuɗi da kayan wasa da wuri a fili. Wadda ta ƙi, ta zauna a benci. Cikin Yuli aka kama shi, kotu a Bamako ta tuhume shi.

Masu son a rufe zance suna cewa ai mutum guda ne ya lalace. Wannan magana ba ta riƙe ruwa. FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta ɗora wa lauya Richard McLaren bincike, rahotonsa na Satumba 2021 kuma ya nuna cewa cin zarafin ƴan wasa ya daɗe da zama abin da aka saba da shi a hukumar Mali, kuma an tsoratar da masu ba da shaida. Hamane Niang, wanda ya shugabanci hukumar daga 1999 zuwa 2007, yana shugaban FIBA a lokacin. Ya janye na ɗan lokaci, rahoton bai sami hujjar cewa ya sani ba, ya koma kujerarsa. To, a yarda bai sani ba. Shin rashin sani abin yabo ne ga makiyayi? Sai a 2023 FIBA ta haramta wa Bamba harkar wasan har iyakar rayuwarsa.

A Gabon ma haka abin yake. A Disamba 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta fallasa zargin cewa Patrick Assoumou Eyi, tsohon mai horas da yara maza ƴan ƙasa da shekara 17, ya yi shekaru yana lalata da su. FIFA ba ta yanke masa haramcin har abada ba sai a 2025. Ke nan masifar ba ta ware mace ko namiji ba.

Me ya sa kullum sai baƙi sun zo daga nesa kafin a saurari kukan yaro? Domin tsarin da kansa ya ɗaure shi. Mutum guda ke zaɓen wanda zai yi wasa, shi ke raba takalma da kuɗin guzuri, shi ke riƙe da fasfo in an yi tafiya. Yaron kuwa sau da yawa ɗan talaka ne, gida duka sun zuba masa ido. In ya yi ƙara, wurin wa zai kai? Wurin hukumar da ta naɗa mai horaswar, wadda ke gudun abin kunya fiye da yadda take gudun zalunci. Ga kunya, ga tarbiyyar da ta hana yaro ɗaga ido ya dubi babba. Azzalumi ya san duk wannan, da shi yake farauta.

Akwai kuma masu cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari: me ya kai ƴa mace filin wasa? Wannan ita ce kariyar da ta fi kowace yi wa azzalumi daɗi. Yarinya mai shekara 15 ba ta ƙulla ciniki da wanda ke riƙe da makomarta. Tsare ta a gida kuwa hukunta wadda aka zalunta ne, a bar mai laifi da usur a wuya.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Kada tawagar ƴan mata ta kwana a waje ba tare da mata masu kula ba. A buɗe wurin kai ƙara da ba ya ƙarƙashin hukumar wasa. Zargin lalata da yaro ya tafi gaban alƙali, kada ya tsaya a zauren sulhu. Wanda ya yi magana a kare masa wurinsa a tawaga. Hukumar da ta ƙi, ma'aikatar wasanni ta hana ta ko dala.

Bamako ba ta da nisa da Yamai. Iyaye da hukumomin wasanni na Nijar ba su da dalilin jiran jaridar Amurka ta zo ta yi musu tambayar da ya kamata su yi da kansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.