FILIN ƘARO SANI: Kalmar Ingilishi da danginta

Manomin da ya zauna a cibiyar yaƙi da jahilci har ya iya karanta jarida da Hausa ya yi babban aiki. Yana rubuta wasiƙa da hannunsa. Yana duba awon gujiyarsa, ba mai cutarsa. Amma akwai wata takarda da ke shigowa gidansa kowace damana, ita kuwa ba da Hausa take ba. Ita ce takardar da ke manne a jikin kwalbar maganin ƙwari, da buhun takin zamani, da kwalin maganin bisashe. Da yawa daga cikinsu da Ingilishi aka rubuta su.

Dalilin haka a fili yake. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500. Mutumin Maraɗi yana cin kasuwar Jibiya, na Ƙonni yana cin ta Illela, na Damagaram yana zuwa Maigatari da Mai'aduwa. Najeriya da Ingilishi take aikin hukuma, haka ma Gana inda ƴan cin rani suka saba zuwa. Magungunan da ake yi a Indiya da Sin su ma sau da yawa da Ingilishi suke zuwa. Bayan haka, a shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Ingilishi yana da yawa ƙwarai. Babban ƙamus na Oxford yana ɗauke da kalmomi fiye da 500,000. Ko ɗan Ingila bai san su duka ba. Saboda haka kada yawansu ya karya zuciyar kowa. Makiyayi mai shanu ɗari ba ya haddace su ɗaya ɗaya kamar baƙi. Ya san wannan ɗiyar wance ce, waccan kuma jikarta ce. Kalmomi ma dangi gare su. Wanda ya kama uwar, ƴaƴan za su biyo shi.

AIKI HUƊU NA KALMA

Kowace kalma tana da aikinta cikin magana. Ayyuka huɗu su ne manya.

Na farko, suna. Shi ne abin da ake kiran mutum, ko dabba, ko wuri, ko kaya da shi: manomi, akuya, rijiya, guba.

Na biyu, aikatau. Shi ne ke faɗin abin da aka yi ko abin da za a yi: shuka, dama, wanke, ajiye.

Na uku, sifa. Ita ke faɗin yadda abu yake: babba, busasshe, ja, mai ɗaci.

Na huɗu, bayanau. Shi ke faɗin yadda aka yi aikin ko lokacin da aka yi shi: sannu, kullum, nan da nan.

Bahaushe ya daɗe yana amfani da wannan ba tare da an gaya masa ba. Daga "noma" ya fitar da manomi da manoma da nomamme. Daga "karanta" ya fitar da karatu da makaranta. Daga "buɗe" ya fitar da mabuɗi da buɗaɗɗe. Tushe ɗaya ne, aiki ne ya bambanta. Ingilishi ma haka yake yi. Sai dai shi a wutsiyar kalma ya fi yin ƙarinsa.

A DUBA WUTSIYA

Ga kalmar da ta shafi kowane mai gona. "Fertile" sifa ce, ma'anarta mai albarka, wato ƙasa mai ba da amfani. "Fertilize" aikatau ne: sa taki. "Fertilizer" suna ne: takin kansa. "Fertility" ma suna ne: albarkar ƙasa. An kama ɗaya, an samu huɗu.

Ga ta makiyaya. "Vaccine" shi ne maganin rigakafi. "Vaccinate" shi ne yi wa dabba allurar. "Vaccination" shi ne aikin rigakafin. "Vaccinated" kuwa dabbar da aka riga aka yi wa.

Idan an lura, wutsiyoyin nan suna maimaita kansu.

Kalmar da ta ƙare da "tion" ko "ment" ko "ness", suna ce. Misali: "infection", kamuwa da cuta; "treatment", jinya ko sa magani; "sickness", ciwo.

Wadda ta ƙare da "er", sau da yawa mai yin aikin ce, ko abin da ake aikin da shi. Daidai take da "ma" na manomi da magirbi. "Farm" gona, "farmer" manomi. "Spray" feshi, "sprayer" injin feshi.

Wadda ta ƙare da "ous" ko "ful" ko "less", sifa ce. "Poison" guba, "poisonous" mai guba. "Danger" haɗari, "dangerous" mai haɗari.

Wadda ta ƙare da "ly", yawanci bayanau ce. "Slowly" sannu a hankali. "Daily" kowace rana. "Orally" ta baki. "Immediately" nan da nan.

A nan akwai wurin da ya kamata a buɗe ido sosai. "Harm" cuta ce. "Harmful" mai cutarwa. "Harmless" marar cutarwa. Farkonsu ɗaya, ƙarshensu kishiyoyi. Wutsiyar "ful" tana nufin akwai abin, ta "less" tana nufin babu shi. Wanda ya karanta haruffa huɗu na farko ya tsaya, bai karanta kome ba. Idan aka ga "Harmful if swallowed", ana cewa ne abin yana cutarwa idan an haɗiye shi.

Akwai kuma wutsiyar "cide". Asalinta daga Latin take, ma'anarta kashewa. Abin da ya zo gabanta shi ne abin da ake kashewa. "Insecticide" yana kashe ƙwari. "Fungicide" yana kashe funfuna da cututtukan shuka irinta. "Herbicide" yana kashe haki. Kwalaben suna kama da juna a kan teburin ɗan kasuwa. Manomin da ya sayi "herbicide" yana tsammani maganin tsutsa ne, ya fesa wa wakensa, yana iya ƙone gonar da hannunsa. Kuɗin magani ya tafi, waken shekara ya tafi.

A DUBA KAI

Wani ƙarin a gaban kalma yake zuwa, ya juya ma'anarta.

"Un" da "non" suna kore abu. "Safe" marar haɗari, "unsafe" mai haɗari. "Toxic" mai guba, "non-toxic" marar guba. "Treated" wanda aka sa wa magani, "untreated" wanda ba a sa wa ba. Buhun iri da aka rubuta wa "treated seed", irin shuka ne da aka cuɗa da magani. Sau da yawa akan rina shi ja ko wani launi don a gane. Ba a daka shi, ba a ba kaji, ba a ba tumaki, ko da yunwa ta matsa.

"Over" yana nufin wuce kima. "Dose" shi ne ma'aunin magani, "overdose" kuwa zarce ma'auni. "De" yana nufin cirewa: "worm" tsutsa, "dewormer" maganin tsutsar ciki. "Pre" kafin, "post" bayan. Maganin haki da aka rubuta wa "pre-emergence" ana fesa shi kafin tsiro ya fito. Mai "post-emergence" sai bayan ya fito.

Amma kowace doka tana da ɗan bauɗewarta. "In" yakan kore abu, kamar "infertile", ƙasa marar albarka. Duk da haka "inflammable" ba ya nufin marar kama wuta. Shi da "flammable" ma'anarsu ɗaya ce: mai saurin kama wuta. Wanda ba ya kama wuta shi ne "non-flammable". Kwalba mai ɗauke da ɗaya daga cikin biyun farko, a nisanta ta da murhu da fitila da taba.

KALMA ƊAYA, RIGA BIYU

Wata kalmar ba ta sake kama ko kaɗan, amma aikinta yana sakewa. Wurin zamanta cikin jimla shi ke nuna aikin.

Hausa ta ari "sito" daga "store", wato ɗakin ajiya. Amma a jikin kwali ana rubuta "Store in a cool dry place". A nan "store" ita ce ta buɗe magana, saboda haka umurni ne: a ajiye a wuri mai sanyi, busasshe. Haka "water": ruwa ne, amma a farkon umurni yana nufin a ba da ruwa. "Plant" shuka ce, kuma a shuka ne. "Milk" madara ce, kuma a tatsa ne.

Ga alamu uku masu taimako. Idan "the" ko "a" ta zo gaban kalma, suna yana tafe. Idan kalma ta buɗe jimlar gargaɗi, sau da yawa aikatau ce mai ba da umurni, kamar "shake" girgiza, "dilute" surka da ruwa, "wash" wanke. Idan kuwa aka ga "do not" ko "never" ko "avoid" a gaba, to hani ne. Sifa a Ingilishi gaban suna take zama: "dry place", busasshen wuri, "clean water", ruwa mai tsabta.

MAI ƊAN FARANSANCI YA CI RIBA

A shekarar 1066 sarki Wiliyam na Normandi, daga arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da shari'a a can. Wannan ya sa dubban kalmomin Faransanci suka shige Ingilishi. "Poison", "danger", "dose", "animal", duk rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, ma'anarsu ma ɗaya. Yaron gida da ya yi lakwal zai gane su da gani.

Sai dai kama da wane ba ta wane. "Pain" a Faransanci burodi ne, a Ingilishi zogi ne. "Sale" a Faransanci ƙazanta ce, a Ingilishi sayarwa ce. Kada a yanke hukunci da kama kaɗai. A karanta jimlar duka.

JIMLOLI BIYAR NA JIKIN KWALBA

1. "For external use only": na shafawa ne a jiki kawai, ba a sha, ba a ɗura wa dabba.

2. "For veterinary use only": na bisashe ne kawai, ba na mutum ba.

3. "Keep out of reach of children": a ajiye inda hannun yara ba ya kai.

4. "Expiry date", ko "EXP" a taƙaice: ranar da magani ke lalacewa. Aikatau ɗinta "expire", sifarta "expired". "MFG" kuwa ranar da aka yi maganin ce. Kada a haɗa su. Idan an rubuta EXP 08/2027, maganin ya ƙare aiki a wata na 8 na shekarar 2027.

5. "Withdrawal period": kwanakin da za a jira bayan an ba dabba magani, kafin a sha nononta ko a ci namanta. Kowane magani da nasa kwanakin, a rubuce suke a jiki. Mai sayar da nono cikin kwanakin nan yana sayar wa ɗiyan mutane ragowar magani.

Maganin da ya bi hanyar doka a Najeriya yana ɗauke da lambar rajista ta hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. A duba ta kafin a biya kuɗi.

YADDA ZA A TARA KALMOMI

A samu kaye guda. A tsaga kowane shafi gida biyar: suna, aikatau, sifa, bayanau, ma'ana da Hausa. Duk kalmar da aka tsinta a jikin buhu ko kwali, a kwafe ta harafi harafi, a sa ta cikin gidanta. Sannan a nemi danginta a cika sauran gidajen. Ba kowace kalma ke cika su duka ba, wannan ba laifi.

Ingilishi ba a karanta shi yadda aka rubuta shi kamar Hausa. Saboda haka kada rashin iya furtawa ya hana kowa. Ido ya fara ganewa, baki ya biyo daga baya.

Uwa uku a mako sun isa. Idan kowace ta zo da kalma huɗu, 12 ke nan a mako. Cikin mako 52 an tara 624. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai ƙamus masu taimako. Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa a 1965. Roxana Ma Newman ta fitar da na Ingilishi zuwa Hausa a 1990. Cibiyar da ta samu guda, gari duka ya samu. Wayar hannu ma tana fassara, amma takan ba da ma'anar suna a wurin da aikatau ake nufi. Mai sanin aikin kalma shi ke gane kuskurenta.

Abu na ƙarshe: sanin kalma bai maye gurbin malamin gona da malamin kiwo ba. Idan ma'auni bai fito sarai ba, kada a yi kirdado. A ɗauki kwalbar a kai musu. Matambayi ba ya ɓata.

AIKIN WATA

Kowane ɗalibi ya zo cibiya da kwalin magani ko buhun taki wanda babu kome ciki. Kada a kawo kwalbar maganin ƙwari cikin aji, a kwafo rubutunta daga gida, a wanke hannu da sabulu. A nemo suna uku, aikatau uku, sifa uku. Sannan a nemi dangin waɗannan uwaye: "infect", "protect", "dilute". Amsa za ta fito a wannan fili wata mai zuwa.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya kiyaye mutane da bisashe.