Masu Dawakin Kurfai, Kun Iya Hawa Kun Kasa Kiwo

Masu dawakin Kurfai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Irin dokin ƙasar nan yana lalacewa, kuma da hannunku kuke lalata shi. Ingarman da ya fi kowane kyau a gari shi ne yake fara barin gari. Da zarar dillali ya ɗora masa ido ya ambaci kuɗi masu nauyi, sai a kwance shi daga turke a sa a mota, ya nufi Yamai ko ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato da Kano, bai bar ko dukushi ɗaya a bayansa ba. Wanda dillali ya duba ya wuce, mai karkatacciyar ƙafa da ƙuntataccen ƙirji, shi ake sakar wa goɗiyoyi. Bayan shekara huɗu kuma ku zauna a gindin bishiya kuna cewa dawakin yanzu ba kamar na da ba.

Babu manomin da yake da hankali a Shikal ko Bonkuku da zai kai zangarniyar geron da ta fi cika kasuwa, ya ajiye ƙanƙararriya don shukar baɗi. Kowa ya san iri ake fara warewa kafin a taɓa rumbu. To me ya sa wannan hankalin yake ƙarewa a bakin barga?

Doki yana cikin abin da ya tsayar da ƙasar nan. A ƙarni na 19, lokacin da hari ya yawaita a Dallol Boso, garin da ba shi da mahaya ba shi da barci. Gado Namalaya, wanda ya riƙe sarautar Kurfai a farkon ƙarni na 20, daga cikin mayaƙa ya fito. Mutanen wancan zamani ba su da likitan dabbobi, ba su da allura, amma sun san dokin da za a bar wa baye da wanda ba za a bari ba, domin ransu a kan bayansa yake. Ku kun gaji sirdi da likkafa da kirari, kun bar sanin a kabarin kakanni.

Babban laifin yana wajen goɗiya. Namiji a ƙasar Hausa yana jin kunyar a gan shi a kan goɗiya, don haka gero da dusa da kanwa da harawa duk na ingarman hawan Sallah ne. Ita kuwa an yi mata dabaibayi an sake ta a fako, tana tsintar abin da awaki suka rage. Alhali ita ce take ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya, ta shayar wata biyar ko shida, kuma ba ta ba ka fiye da ɗa guda a shekara. Goɗiyar da ta yi cikinta da yunwa, ɗan da za ta haifa ƙashinsa ba zai cika ba, ko da ubansa ya fito daga bargar sarki. Wasu ma tun tana shekara biyu, jikinta bai gama ginuwa ba, suke kai ta baye, a tsumburar da uwa a tsumburar da ɗa. Kamata ya yi a jira ta cika shekara uku, ko ma huɗu. Kai ta baye da wuri zalunci ne ga dabba, kuma asara ce ga mai ita.

Shi kansa bayen, dubi yadda ake yinsa. Goɗiya tana neman namiji kusan duk bayan kwana 21, na 'yan kwanaki kaɗan. Maimakon a lura da lokacin a kai ta inda aka zaɓa, sai a bar ta ga duk wanda ya tsinke igiya. Ba mai duba ƙafafunsa ko a miƙe suke, ba mai duba kofato, ba mai buɗe baki ya ga ko haƙoran sama da na ƙasa sun haɗu, ba mai tambayar halinsa, ko mai cizo ne ko mai harbi. Duk waɗannan ana gadonsu. Ba mai tambaya ko uban goɗiyar ne da kansa ake mayar mata, har jini ya yi ta juyawa a gida ɗaya, 'ya'ya suna ƙanƙancewa. Akwai kuma ciwon da ake ɗauka ta wajen baye, wanda ingarma ɗaya marar lafiya zai iya raba wa goɗiyoyin gari guda. Kuskuren yini ɗaya a nan, sai ka ciyar da shi shekara huɗu kafin ka gane ka yi asara.

Abin da ya sa ba ku da uzuri shi ne Tukunus. Kimanin kilomita 20 arewa da Filinge, tashar kiwon nan tana zaɓen irin shanun Azawak tun 1954. A can maraƙi yana da lamba, an rubuta ranar haihuwarsa da uwarsa da ubansa, ana auna madarar da uwar take bayarwa, kuma da wannan lissafin ake ware bijimin da zai zama uban garke. Shi ya sa sunan Tukunus ya wuce iyakar Nijar. A ƙasarku ake wannan aiki, 'ya'yanku ne suke kora shanun. Shekara saba'in kuna kallon yadda ake tsare asalin saniya, ba ku taɓa cewa a yi wa doki haka ba. Tambayi mai doki a kasuwar Filinge ko ta Balleyara wane ne kakan dokinsa, amsar ba ta wuce “ɗan asali ne, Alhaji.” Asalin da ba a iya faɗar sunan uwa da uba, zancen dillali ne.

Duk inda doki ya yi daraja a duniya, rubutu ne ya riƙe darajar. Dokin sukuwar Ingila da ake sayarwa da kuɗin da zai gina unguwa, littafin asalinsa James Weatherby ya fara fitar da shi a 1791, kuma duk zuriyar tana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Gabas: Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian. Faransa ta kafa bargunan gwamnati na ingarmun baye tun 1665. Aljeriya tana da bargar Tiyaret tun 1877, kuma a birnin Aljas aka kafa ƙungiyar duniya ta dokin Barb a 1987, wato dangin da dawakinmu na Arewa da na Zabarma suke da jini da shi. Maroko tana da bargunan gwamnati a Meknas da Marrakesh da Ujda da El Jadida. Senegal, wadda ƙasarta Sahel ce irin tamu, tana da cibiyar Dahra inda aka daɗe ana inganta irin doki. A Yamai kuwa akwai masu cacar sukuwa ta PMU da suka haddace sunayen dawakin Faransa, ba su san sunan doki ɗaya na Kurfai ba.

Alhazan Kurfai da ke Yamai da manyan ma'aikata, ku ma da naku kason. In sha'awar doki ta motsa muku, sai ku aika a sayo dokin Sudan mai tsawo, a hau shi ranar Sallah ko ranar sukuwa, a ɗauki hoto, a mayar da shi bayan katanga. Goɗiyar talaka ba ta isa ta kusance shi ba. Wasu kuma suna mafarkin jinin Turai, sun manta cewa dokin da aka gina don ciyawar Ingila ba ya jure zafin watan Afrilu a Dallol, kuma ciwon dawaki da ƙananan ƙwari masu cizo suke yaɗawa da damina ya fi kayar da baƙon doki. Dokinmu gajere ne, amma yana tafiyar yini a kan rairayi da ɗan abinci kaɗan. Wannan juriyar ita ce dukiyar. Wanda zai gauraya jini ya yi da sani da rubutu, kada a wayi gari an rasa juriyar gida ba a samu gudun waje ba.

Kada kuma wani ya ce zamanin doki ya wuce tunda babur ya zo. A 2020, da hukuma ta hana hawan babur a sassan jihar Tillaberi saboda rashin tsaro, kowa ya ga ranar amalanke, da shi aka kai marasa lafiya asibiti, da shi aka kai kaya kasuwa. A yankin gyaɗa na Senegal doki ne yake jan injin shuka da amalanke, manomi yana cin abinci da shi kowace rana. Dokin ja yana son faɗin ƙirji da kaurin ƙashi da sanyin hali, dokin sukuwa yana son tsawon ƙafa da zafin nama. Kowanne da uban da ya dace da shi, kuma mai kiwo ne yake yanke wannan shawara tun kafin baye.

Na san fari na 1973 da na 1984 sun cinye dabbobi. Na san murar da ta bi jakuna da dawaki a 2019 ta yi ɓarna, ɓarayin dabbobi sun hana kiwo a daji, buhun gero ya yi tsada. Duk gaskiya ne. Amma a lokacin da dawaki suka yi ƙaranci ne zaɓen iri ya fi zama dole, domin kowace goɗiya da ta rage tana ɗauke da rabon zuriya gaba ɗaya. Fari bai hana kowa sayen littafin rubutu na dala ashirin ba.

Ranku ya daɗe sarakuna da masu gari, gyaran daga ƙofarku zai fara. Ku tara masu dawaki, a zaɓi ingarmu mafiya kyau a kowane yanki, likitan dabbobi ya duba lafiyarsu, a yi alkawari ba za a sayar da su ba sai sun yi baye na wasu shekaru. Mai goɗiya ya biya ladan baye, don mai ingarma ya samu abin da zai hana shi sauraron dillali. A ajiye littafi a fada, a rubuta kowane dukushi da ranar haihuwarsa da launinsa, akawal ne ko kili ko bidi ko danda, da sunan uwa da uba. A riƙa musayar ingarmu tsakanin garuruwa kafin 'ya'yansu mata su isa baye. Ranar sukuwa a ware kyauta ga goɗiya mafi kyau da dukushinta, a kira sunan wanda ya yi kiwon a gaban jama'a kamar yadda ake kiran na mahayi. Ma'aikatan kiwo su kawo sanin da ke Tukunus, Alhazai su buɗe ƙofar bargunansu. Ku kuma masu dawaki, kafin damina ta sauka kowa ya ware wa goɗiyarsa rabonta na harawa da dusa, ya kuma san ingarman da zai kai ta wurinsa da dalilin da ya sa ya zaɓe shi.