A Sanar da Direbobi Haƙƙinsu a Gaban Kotu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan halin da mu direbobin hanyar Sakkwato zuwa Goronyo, Sabon Birni da Isa muke ciki.

Ba na goyon bayan gudun wuce sa'a, don mun binne 'yan'uwa da dama sanadinsa. Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a awa cikin gari, kuma tun 2017 aka tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Sai dai a wannan yanki, tsoron 'yan bindiga ke sa direba ya yi sauri ya isa gida kafin magariba, ga shi alamun ƙayyade gudu sun yi ƙaranci a hanyar.

Damuwata ita ce, da yawa daga cikinmu ba mu san cewa wanda aka rubuta wa takardar laifi kan gudun wuce sa'a yana iya ƙin amincewa ya nemi zuwa kotu ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa, da tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Rashin sani ke sa mutum ya biya tara ko da yana da hujja.

Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗura da ƙungiyar direbobi ta NURTW su riƙa bayyana wannan da Hausa a tashoshin mota da rediyo, gwamnati kuma ta kafa alamun hanya.



Wani direban haya,
Sabon Birni, Jihar Sakkwato